Ranar da Injiniya Ya Sa wa Lemo Gas

A layinsu babu wanda ya san ranar da Injiniya ya shiga makarantar injiniyoyi, balle ranar da ya fito. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da ya karɓi rediyon wani tsoho zai ƙara mata murya, ya mayar masa da ita shiru kamar gidan makoki, haɗe da 'yan kusoshi a leda, ya ce kamfani ne ya zuba su fiye da kima. Daga ranar sunan ya bi shi, shi kuwa ya rungume shi hannu bibbiyu. Fankar ɗakinsa da baya take juyawa. Famfon tsakar gida, tun da ya taɓa shi, sai an rufe yake zuba. Amma in ka same shi a bencin ƙofar maƙwabcinsa Tela, ƙafa ɗaya kan ɗaya, birori jere a aljihu, yana zuba bayani, sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi.

Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Mai Lemo, ba ta da surutu, sai aiki. Tana matse lemon zaƙi da abarba, ta ɗura a robobi masu murfi, ta sanyaya a firij, ta ja kula zuwa bakin titi ta tsaya cikin rana. Shekaru ke nan tana haka, burinta ɗaya: ta sami inuwa da kujera da ƙofar da za ta kulle ta ce tata ce.

Sai ga dama ta samu. Ƙanwarta, Malama, tana koyar da kimiyya a makarantar da ke ƙarshen unguwa, kuma akwai wani ɗan shago a harabar makarantar da ya daɗe a rufe. Malama ta yi ta naci har Shugabar makaranta ta ce to, yayar tata ta kawo abin sha ranar raba wa yara kyaututtuka. In iyaye da malamai sun yaba, mukullin shago nata ne. In an samu matsala, kada ma a sake tayar mata da zancen.

Mai Lemo ta dawo gida da labarin, bakinta ya ƙi rufuwa. Injiniya ya saurara, ya gyaɗa kai a hankali irin na wanda aka kawo wa babban aiki.

"Madam, lemonki da daɗi, ba na musu. Amma barci yake yi."

"Barci kuma?"

"Ki buɗe lemon kwalba ki ji. Fsss! Yana gaishe ki. Naki kuwa a buɗe shi shiru, kamar wanda aka yi wa laifi. Gas ya rasa. Ni zan sa masa gas."

"Baban yara, don girman Allah ka bar mini lemona ya yi barcinsa."

"Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ta katanga Tela ya leƙo, tef rataye a wuya. "An gwada a fanka, an gwada a famfo. Mu dai mun san na ƙwarai tun tuni."

"Kai ɗinki ka sani. Wandon da ka yi mini ma ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

"Ƙafafunka ne ba su jitu ba."

Injiniya ya taɓa ji a wani shiri cewa gas ɗin da ke cikin lemon kwalba ita ce kabon-dayoksaid, kuma ita ce iskar da mutum ke fitarwa in ya numfasa. Wannan gaskiya ce, sai dai gaskiya a hannun Injiniya kamar reza ce a hannun jariri. Washegari Malama ta shigo gaishe da yayarta, ta tarar da shi zaune gaban kofi, ya tsoma bututun shan lemo yana hurawa, kumatu sun kumbura, idanu sun yi ja.

"Yaya Injiniya, lafiya? Lemon ne ya suma kake ba shi numfashi?"

"Masana'anta ce a ƙirjina, ƙanwata. Kamfanoni suna sayen injin banza, ni Allah ya ba ni kyauta."

"Numfashinka za ka shayar da 'ya'yan mutane? Kai da ka karya da albasa?" in ji Mai Lemo daga madafa.

Malama ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce masa abin da ke fita daga huhun mutum yawancinsa iska ce ta yau da kullum, kabon-dayoksaid ɗin ɗan kaɗan ne a ciki, ko ya wuni yana hurawa kumfa kawai zai tayar. Injiniya ya ce dama gwajin farko ne, manyan masana ma daga nan suke farawa.

Gwaji na biyu da hodar soda ta masu gasa kek ya yi shi. Ya zuba cokali cike a jug ɗin lemo, ya matse lemon tsami a kai. Nan kam gas ta fito, domin duk inda soda ta haɗu da tsami sai sun haifi kabon-dayoksaid. Sai dai ba ta tsaya gaisuwa ba. Kumfa ta taso ta haura bakin jug, ta bi tebur, ta sauka cikin takalmin Malama. Ɗan abin da ya rage a ƙasa ya miƙa wa Tela ya ɗanɗana. Tela ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsohon yadi.

"Yaya ka ji?"

"Na ji kamar na wanke bakina da ruwan wanki. In akwai saura ka ba ni, akwai kwalar rigar da ta ƙi fita."

Na uku da yis ne. Ya ji masu burodi na cewa yis na cin sukari ya saki gas, shi ya sa ƙulli ke tashi. Ya barbaɗa a lemo ya ɓoye bayan firij. Da wari ya fara tashi Malama ta bi hanci ta zaƙulo shi.

"Yaya, ka san abin da yis ke bari a baya in ya gama cin sukarin? Giya. Giya za ka kai wa 'yan firamare ranar karɓar kyauta."

Injiniya ya yi salati ya ja da baya kamar ya taka maciji. Da hannunsa ya tuttular da shi a kwata, yana waige kada wani ya gani. Tela ya gani.

A nan ne Malama ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Malanta ta motsa mata, ta zauna tana yi masa bayani dalla-dalla don ya haƙura. Ta ce kamfani matse gas ɗin yake yi da ƙarfin inji cikin ruwa mai sanyi, domin sanyi da matsi su ke sa ta narke a ruwa, ita ce ma ke ba lemon kwalba ɗan tsamin nan mai cizon harshe. In an buɗe murfi matsi ya tafi, sai ta gudu, shi ne fsss ɗin da yake ji. "Ba aikin tsakar gida ba ne, Yaya. Ita fa iskar nan in aka tsananta mata sanyi har daskarewa take yi, ta zama busasshiyar ƙanƙara, irin wadda masu askirim ke..."

Ta yi saurin kama bakinta. Idanun Injiniya sun kama ƙyalli.

"Ban ce komai ba," in ji Malama.

"Ni ma ban ji komai ba," in ji Injiniya, yana murmushi.

Ranar taro ta zo da nata rikicin. Wuta ta ɗauke tun jiya, firij ya zama akwatin ajiya, robobin lemo duk sun yi ɗumi. Mai Lemo ta rasa inda za ta sa kanta. Wa zai sha lemo mai ɗumi da tsakar rana ya ba ka mukulli? Da ba ta ga kowa ba sai ta dubi mijinta.

"Baban yara, ƙanƙara nake so. Ta ruwa. Irin wadda kowa ya sani, mai jiƙa hannu. Maimaita."

"Ƙanƙara," in ji Injiniya. Sauran bai maimaita ba.

Ya lallashi Tela ya fito da tsohuwar motarsa, wadda hannun murɗa gilashinta guda ne tak, ana zare shi daga wannan ƙofa a kai waccan. Suka wuce masu ƙanƙarar ruwa, Tela na nuna masa, shi yana cewa a ci gaba. Ba su tsaya ba sai a wurin masu askirim. Mutumin da ya ɗauko masa kwalin yana sanye da safar hannu mai kauri, ya tambaye shi ko ya san yadda ake mu'amala da ita.

"Ni kake tambaya? Tela, gaya masa sunana."

"Sunansa Injiniya," in ji Tela. "Allah ya ba ka haƙuri."

Aka ɗora kwali a kujerar baya. Injiniya ya karɓi hannun gilashi ya bi tagogi ya murɗe su tsaf, ya jefa hannun ƙarƙashin kujera.

"Zafi fa ake yi!"

"In ka buɗe sanyin zai gudu. Tuƙa kawai."

Abin da Injiniya bai sani ba, busasshiyar ƙanƙara ba ta zaman banza. Tun daga lokacin da ta bar ma'ajiyarta take komawa iska a hankali, iskar da ba ta da launi balle wari, ba sallama ba gyaran murya. Ba su yi nisa ba suka shiga cunkoso. Tela ya fara hamma. Injiniya ya karɓa. Can Tela ya ji kansa na sarawa, yana haki kamar wanda ya hau bene da buhu.

"Injiniya, ni fa numfashina sama-sama yake."

"Hawan jini ne. Ka rage... gishiri," in ji Injiniya, shi ma yana jan iska kamar kifi a tudu.

"Ba ni hannun gilashi!"

Injiniya ya laluba bai samu ba. Tela bai jira ba, ya gangara gefen titi ya banke ƙofa ya fito, Injiniya ya biyo shi da rarrafe. Suka zube a gindin wata bishiya suna haki. Wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya ta ƙare musu kallo.

"Ku da girmanku, dambe kuka yi ko tsere?"

Da ƙyar aka zaƙulo hannun gilashi, ana gama sauke tagogi ya sake ɓata. Sauran tafiyar da gilasai a sauke aka yi ta, Tela ya leƙo da kai waje kamar akuya a motar kasuwa.

A gida mata da yaran layi suka taru ganin ƙanƙarar da ke hayaƙi. Injiniya ya buɗe kwali, farin tururi ya zubo ya bi ƙasa, aka yi "kai!" Wannan "kai" ɗin ita ta kai shi ta baro. Ya naɗe hannun riga ya damƙi ƙaton gutsure da tafin hannu ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku kalli abin da ilimi..."

Bai ƙarasa ba ya yi wurgi da ita, ya hau tsalle yana yarfe hannu yana hura yatsu. Sanyinta ya wuce na ƙanƙarar ruwa nesa ba kusa ba, in ta daɗe a fata ƙuna take yi kamar garwashi.

"Ta ƙone ni! Wallahi ta ƙone ni!"

"Gobara daga kogi," in ji Tela. "Yau na ga mutumin da ƙanƙara ta gasa."

Mai Lemo ta dubi kwalin, ta dubi mijinta, ta koma kan robobinta. Kallon nata ya fi zagi ciwo. Injiniya ya naɗe hannu da tsumma, ya ja kwalin zuwa ɗan sito marar taga da ke kusa da madafa, ya rufe ƙofa ya cusa tsummoki a ƙasanta, ya ce kowa ya jira lokacin tafiya, zai nuna musu aiki.

Da rana ta take Malama ta zo taya yayarta kwasar kaya. Mai Lemo ta kunna kyandir ta buɗe sito za ta ɗauko kofuna a kantar ƙasa. Kyanwar gidan ta riga ta shigewa, amma ba ta yi taku nawa ba ta juyo a guje, tana tangaɗi, ta haye katanga ta zauna tana harararsu. Mai Lemo ta sunkuyar da kyandir, ya mutu. Ta ɗago ta kunna, ya kama lafiya. Ta sake saukar da shi, ya sake mutuwa, ba iska ba komai.

Wata maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Mutanen ɓoye ne! Dama na faɗa, siton nan ba shi kaɗai yake kwana ba."

Malama ta fizgo yayarta waje. "Kada ki durƙusa, Yaya! Me aka ajiye a ciki?"

Duk idanu suka koma kan Injiniya.

Malama ta wangale ƙofa, ta sa aka ɗauko faifai da kwalaye ana fifita, tana faɗa tana ƙarawa. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano. Wuta ba ta ci a cikinta, shi ya sa ake ɗura ta a tukunyar kashe gobara. Abin da ya kashe kyandir kuwa, in mutum ya sa kansa a ciki ya daɗe, shi ma haka zai yi masa. "Kyanwa ta fi ku wayo, ita da hancinta ke kusa da ƙasa."

"Ashe abin da ya same mu a mota ke nan," in ji Tela. "Aka ce in rage gishiri."

Injiniya bai ji su ba, ya riga ya jawo kwalin waje yana leƙawa. Ƙanƙara ta ragu sosai, kuma kwali a bushe ƙayau.

"An yi mini sata! In narkewa ta yi, ina ruwan? Tela, kai kaɗai ka san inda na ajiye."

"In sace in kai ina? In ƙona hannuna kamar yadda ka ƙona naka?"

"Yaya Injiniya, ba ta da ruwa," in ji Malama. "Daga ƙanƙara sai iska, ba ta yada zango. Ɓarawonka shi ne ya kashe kyandir."

Lokaci ya ƙure, babu damar neman wata ƙanƙarar. Malama ta ce tun da an kawo, a ci moriyarta ta hanyar da ta dace. Ta sa safar ɗaukar tukunya, ta naɗe gutsattsarin a tawul ta shimfiɗa a ƙasan kuloli, ta ɗora kwali, aka jera robobi a sama, ta bar murafun kulolin a sake ba ta danne ba. Sannan ta juyo ta nuna surukinta da yatsa.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka jefa ko ƙwaya a cikin roba ka rufe. Ɗan gutsure kamar kan yatsa iskar da zai saki ta ninka girmansa sau ɗaruruwa. In ba ta sami ƙofa ba, da kanta za ta yi ƙofa."

Mai Lemo ta matso kusa, murya ƙasa-ƙasa. "Baban yara, na gaji da rana. Shagon nan nake so. Yau ɗaya dai ka zama ɗan kallo."

Maganar ta taɓa shi. Kuma daidai nan ne ya yanke shawara: mace mai haƙuri irin wannan ba ta cancanci lemo mai barci ba. Ita Malama littafi ta sani. Ba da bakinta ta ce sanyi da matsi ba? To ga sanyi, ga murfi. Kafin a ɗaga kuloli ya yi amfani da cokali ya kwashi 'yan gutsattsari cikin tsohuwar safa, ya sa filaya a aljihu.

Filin makaranta ya cika. Rumfuna, kujerun roba, yara cikin yunifom an goge su tas, iyaye na fifita da takardun shiri. A gaba ga babban tebur da farin ƙyalle har ƙasa, inda Shugabar makaranta ke zaune cikin fararen kaya, gefenta Shugaban iyaye, wani mai jiki wanda kujera ɗaya ke ɗauka da ƙyar.

Injiniya ya laɓe bayan motar Tela da robobin da ya zare daga kula. Ta farko ya jefa mata ɗan mitsitsin gutsure, ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin kujerar direba. Tukuicin Tela ke nan, ya gani in ya tashi tafiya, ya san an fi shi. Sauran kuwa na manyan baƙi ne, ya cika musu hannu, ya sa filaya ya murɗe murafun har suna ƙara. Ya jera su a baho da ruwa, ya zagaya ta baya lokacin da yara ke waƙa ya tura bahon ƙarƙashin babban tebur. Shirinsa, in Shugaba ta gama jawabi ya fito ya buɗe mata roba a gaban makirfo, duniya ta ji fsss.

Shugaba ta miƙe ta gyara tabarau. "Iyaye da baƙi, abin da makarantar nan ta fi alfahari da shi, shi ne natsuwa."

Ƙas. Ƙas-ƙas. Robobi na miƙa a ƙarƙashin tebur. Injiniya ya taɓa Tela da gwiwar hannu. "Ka ji? Gas na shiga."

"A nan," in ji Shugaba, "ko allura ce ta faɗi..."

BUM!

Ƙyallen tebur ya yi sama ya dawo. Shugaban iyaye, wanda aka ce gwiwa na damunsa, ya tsallake tukunyar fure da kujerar manne a jikinsa. Kafin a ce me ya faru, BUM! Ruwan lemo ya yi tsiri ya sauka a kan fararen kayan Shugaba tun daga ɗankwali. Gutsattsarin da suka zube cikin ruwan baho suka tayar da farin hazo, ya kwararo daga ƙarƙashin tebur yana bin ƙafafun mutane.

"Tiransifoma ce!"

"Wace tiransifoma, wutar da babu tun jiya?"

Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Takalma, jakunkuna, kofin kyautar lissafi, duk aka bar su a fili. Injiniya ya ga aikinsa na neman lalacewa saboda rashin fahimta, ya ruga ya ɗauki makirfo.

"Jama'a a kwantar da hankali! Ba komai ba ne, kimiyya ce! Ni ne na..."

BUM! Wani murfi ya wuce ta gefen kunnensa da fito, ruwan abarba ya wanke masa fuska. Ya sunkuya zai jawo bahon, sai ya ji an shaƙo kwalarsa ta baya. Malama ce, ta ja shi kamar buhu.

"Kana so ka rasa ido? Babu mai matsawa! Malamai, ku ja yara baya. A bar su su gama da kansu."

Aka koma bakin katanga aka yi cirko-cirko. Da yara suka gane babu wanda ya ji ciwo, sai abin ya zama wasa, kowace ta tashi su sa ihu da tafi. Ba a taɓa raba kyaututtukan da suka yi musu daɗi haka ba.

Da ƙarar ta lafa, hazo ya baje, Injiniya ya hango matarsa tsaye ita kaɗai gaban kulolinta, ta harɗe hannu, idonta ya ciko. Ba ta dube shi ba. Karo na farko a rayuwarsa ya laluba bakinsa bai sami bayani ba.

Sai dai gudu cikin rana yana da nasa hukunci: ƙishirwa. Wata uwa ta matso tana haki, ta nuna kula daga nesa. "Baiwar Allah, wannan ma yana harbi?"

Mai Lemo ta ɗauko roba, ta buɗe a gabanta. Shiru. Ta kafa kai ta sha rabi, ta miƙa mata wata. Matar ta kurɓa, ta lumshe ido. "Wayyo sanyi! Har da ƙanƙara-ƙanƙara. A ina kika sami wuta?"

Kafin ka ce kwabo an yi mata dafifi. Shugaban iyaye, da aka samu aka zare masa kujera, ya shanye ɗaya ya miƙo hannu a ƙara. Can taro ya dare, ga Shugaba tafe, rabin jikinta ruwan ɗorawa, tabarau a karkace. Ta tsaya gaban Mai Lemo. Wani ɗigo ya gangaro daga goshinta zuwa leɓe, ta lashe ba da niyya ba. Ta ɗaga gira. Ta sake lasa.

"Ke kika haɗa wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Amma harbin ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

Yatsun layi guda suka nuna wuri ɗaya. Injiniya ya gyara tsayuwa, abarba na ɗiga daga gemunsa. "Ranki ya daɗe, in aka duba ta fuskar ilimi..."

"Mijinki ne?"

Mai Lemo ta numfasa. "Ƙaddara ce, ranki ya daɗe."

Shugaba ta karɓi roba mai sanyi ta sha sosai, sannan ta buɗe jaka ta zaro mukulli. "Macen da ta iya haɗa wannan lemo, kuma ta iya zama da wannan mutum, shago ba zai gagare ta ba. Amma da sharaɗi." Ta ɗaga murya. "Maigadi! Kalli fuskar nan da kyau. Ko inuwarsa ta leƙo ƙofar makarantar nan, mukullina ya dawo."

Mai Lemo ta damƙe mukulli a ƙirji, dariya da hawaye suka haɗe mata. Maigadi kuwa bai ɓata lokaci ba, ya raka Injiniya har waje, Tela na biye yana riƙe ciki.

Suna isa bakin ƙofa bakin Injiniya ya dawo. Ya share fuska, ya gyara birorinsa.

"Ka dai gani da idonka. Wa ya kawo sanyin? Ni. Wa ya sa su gudu har suka ji ƙishirwa? Ni. Talla ke nan ta zamani, sai mai zurfin tunani."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Injiniya."

"Yanzu ai na gama gane ta ciki da waje. Ni da iskar nan, babu sauran abin da za ta yi ta ba ni mamaki."

BUM!

Wannan karon daga wajen ajiye motoci ta fito. Suka juya tare. Ruwan lemo na gangarowa a gilashin motar Tela ta ciki, a hankali, hannun murɗa gilashi kuwa ya faɗo waje yana juyi a ƙasa.

Tela ya daɗe yana kallo. "Injiniya. Mene ne wancan?"

Injiniya ya ja da baya taku ɗaya, ya duba ta inda hanya ta fi sarari.

"Tukuicinka ne. Ga shi har hannun gilashin ya nemo maka."